Sojojin da suka dawo daga fagen daga: Ina aka kwana kan haƙƙinsu da na iyalansu?

Idan masu karatu ba su manta ba, a ranar 31 ga watan Oktoban shekarar 2023 ne ayarin ƙarshe na sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya taso daga garin Kidal da ke arewacin ƙasar Mali ya nufi Gawo. Motoci 143 ne a jere, ɗauke da sojoji 848 daga ƙasashe daban-daban, ciki har da 'yan Cadi. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 350 ne, wato tafiyar da direban da ya saba jigilar kaya daga kasuwa zuwa kasuwa zai yi a yini guda idan hanya ta yi kyau. To amma su sai da suka shafe mako guda cur a kan hanya, inda sau shida motocinsu suna taka nakiya, kuma sojoji 37 daga cikinsu suka buƙaci kulawar likita kafin a isa Gawo ranar 7 ga watan Nuwamba.

Wata biyu bayan tasowar wannan ayari, a ƙarshen watan Disamban 2023, aka rufe babin rundunar MINUSMA baki ɗaya, bayan ta yi shekara goma a Mali, kuma bayan gwamnatin mulkin sojan ƙasar ta nemi ta tattara nata ya nata ta fice. Sama da ma'aikatan rundunar 300 ne suka rasa rayukansu a tsawon wannan lokaci, fiye da 170 daga cikinsu a hare-haren 'yan bindiga da nakiyoyi, kuma Cadi ce ƙasar da ta fi kowa asarar 'ya'yanta. Mu ma nan Nijar ba mu tsira ba, domin a ranar 3 ga watan Oktoban 2014 an yi wa ayarin sojojinmu kwanton ɓauna tsakanin Ansongo da Menaka, aka kashe tara a take. Allah Ya jiƙansu da rahama.

An sauke tuta, an yi faretin bankwana, gidajen rediyo sun juya ga wasu labarai. Waɗanda suka dawo kuwa suna nan tare da mu. Wani yana bariki yana jiran a sake tura shi, wani ya yi ritaya, wani ya dawo da ƙafa ɗaya, wani kuma sai akwatinsa da kakinsa aka kawo wa iyalinsa. Wannan shafi na 'yan kasuwa ne, mun sani, kuma wani zai ce ina ruwan biri da gada. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu, domin dai matan waɗannan mutane a rumfunanmu suke cin bashin shinkafa da mai, kuma kuɗin sallamarsu, idan ya fito, a hannunmu yakan ƙare.

Yadda kuɗin ke tafiya

Mutane da yawa a kasuwa suna ɗauka cewa duk sojan da ya je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ya dawo da buhun dala. Abin ba haka yake ba, kuma ya kamata a san yadda tsarin yake. Majalisar ba ta biyan soja albashi hannu da hannu. Gwamnatin ƙasarsa take biya, a kan wani adadi da aka yanke na kowane soja a kowane wata. Daga watan Yulin 2018 adadin ya kasance dala 1,428, sannan aka ɗaga shi zuwa dala 1,448 a shekarar 2022, wato sefa jaka ɗari takwas da 'yan kai, gwargwadon yadda canji ya kama a ranar. Wannan kuɗi baitulmalin ƙasa yake shiga, kuma kowace gwamnati ce ke yanke nawa za ta ba sojan, nawa za ta riƙe da sunan horo da kayan aiki da kula da lafiya. Bugu da ƙari, ita kanta Majalisar takan yi jinkirin biya saboda manyan ƙasashe ba sa zuba nasu kason a kan kari. Saboda haka tsakanin birnin Niyok da aljihun ƙaramin soja akwai tashoshi da yawa, kuma duk wanda ya taɓa rako kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa kan iyaka ya san abin da yawan tasha ke yi wa kaya.

Haka ma diyyar rai. Idan soja ya rasu a bakin aiki, Majalisar na biyan dala 77,000 tun daga shekarar 2018, abin da ya kai wajen sefa miliyan 45, idan kuwa nakasa ce sai a biya wani kaso na wannan adadi gwargwadon girman nakasar. To sai dai matar mamaci ba ta da ikon rubuta wa Majalisar takarda da kanta. Gwamnatin ƙasar ce za ta shigar da buƙatar ta hannun ofishin jakadancinta da ke Niyok, tare da rahoton likita da takardun da ke tabbatar da cewa a dalilin aikin ne abin ya faru, kuma idan kuɗin ya fito gwamnatin za a miƙa wa ta kai wa magada. Idan wani jami'i ya bar fayil ya kwanta a kan tebur, ba wanda zai tashe shi sai an samu mai bin sawu. A shekarar 2022 Babban Zauren Majalisar ya amince da wani tsari na kula da buƙatun diyyar waɗanda suka dawo da ciwon firgici, amma shi ma ta wannan doguwar hanya yake bi.

Wannan duk maganar masu shuɗiyar hula ce. Waɗanda suka yi yaƙi a cikin gida ba su da wata Majalisa a bayansu, sai abin da dokar ƙasarsu ta tanada. Muna nufin irin sojoji 71 da aka kashe a barikin Inates a watan Disamban 2019, da 89 na Cinagodar wata guda bayan haka, da kusan 100 na Cadi da suka kwanta dama a Boma da ke yankin tafkin Cadi a watan Maris na 2020. An yi zaman makoki na ƙasa, shugabanni sun tsaya a kan gawarwaki, an yi alkawura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mamata yana da uwa, da yawa suna da mata da 'ya'ya, sannan a bayan kowane hari akwai waɗanda suka tsira da rauni, waɗanda ba a cika faɗin adadinsu a rediyo ba.

Soja ba ya zanga-zanga

Babban abin da ya sa muka ga dole farar hula su sa baki shi ne, shi soja bakinsa a ɗaure yake. Malamin makaranta idan an hana shi albashi zai shiga yajin aiki, ɗan kasuwa idan an ƙara masa haraji zai rufe shago. Soja idan ya fito titi, sunan abin tawaye.

Maƙwabtanmu na Nijeriya sun ga misalin wannan. A watan Yulin 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya a garin Akure suna neman a biya su alawus ɗinsu da ya maƙale. Aka gurfanar da su gaban kotun soja, kuma a watan Afrilun 2009 aka yanke wa 27 daga cikinsu, har da mata, hukuncin ɗaurin rai da rai. Fitaccen lauyan nan Femi Falana ne ya tsaya musu, jaridu da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta matsa lamba, har aka rage hukuncin zuwa shekara bakwai, daga baya kuma aka yi musu afuwa a ƙarshen shekarar 2010. Ba don an samu mutanen waje da suka ɗauki maganar a ka ba, da wataƙila a kurkuku za su tsufa, alhali kuwa haƙƙinsu suka tambaya.

A Kamaru kuwa labarin ya sha bamban. A watan Satumban 2015 sojoji kimanin 200 da suka dawo daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka yi maci a titunan Yawunde cikin kaki, suna neman alawus na wata takwas na aikin da suka yi a ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Shugaba Paul Biya bai ɓata lokaci ba ya ba da umurnin a fitar da sefa biliyan 6 a biya su. Laifi iri ɗaya, amma wasu sun samu kuɗi wasu sun samu ɗauri. Abin da muka fahimta a nan shi ne, idan haƙƙin mutum ya dogara ga yadda shugaba ya tashi daga barci, to ba haƙƙi ba ne tukuna, kyauta ce.

Akwai kuma inda abin ya wuce maci. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin goro a Kwaddibuwa ba za su manta da watan Disamban 1999 ba, lokacin da sojojin da suka dawo daga Bangi suka fito neman kuɗinsu, kafin a ankara sun kifar da gwamnatin Henri Konan Bédié sun ɗora Janar Robert Guéï. Ƙasar da ake yi wa kallon tudun mun tsira ta shiga rikicin da ya ɗauke ta fiye da shekara goma. A shekarar 2017 ma, sau biyu sojoji masu neman kuɗin da aka yi musu alkawari suna rufe garin Buwake, suka tare babbar hanyar da ke haɗa Abijan da arewa, manyan motoci suka yi cirko-cirko da kaya a kai.

Ba yau farau ba

Dattawa sun san wannan labari tun zamanin Turawa. A ranar 1 ga watan Disamban 1944, a sansanin Tiyaroye da ke kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, bayan sun sha zaman fursuna a hannun Jamus. Laifinsu shi ne sun ƙi tafiya gida sai an biya su bashin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi kuma suka ce adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a shekarar 2024, bayan shekara tamanin, Shugaba Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Waɗanda suka rayu kuma sai aka bi su ta wata hanyar. A shekarar 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, ya zamana farashin kaya na hawa, fanshon Bafaranshe na hawa, na baƙar fata kuma yana nan inda yake. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun ga waɗannan 'yan mazan jiya a unguwanninmu, da lambobin girma a ƙirji, da aljihu babu komai. Wani tsohon saje ɗan Senegal mai suna Amadou Diop ne ya kai ƙara, kuma a watan Nuwamban 2001 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati a Faransa ta ce wariya ce. Kafin hukuncin ya fito shi mai ƙarar ya riga mu gidan gaskiya. An daidaita wani ɓangare na fanshon a 2007, sauran kuma sai a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna kabari.

Amma labarin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne na Gana. A ranar 28 ga watan Fabrairun 1948 tsofaffin sojojin da suka yi wa Ingila yaƙi, da yawansu a dazuzzukan Bama, suka ɗauki takardar koke suka nufi fadar gwamna a Akra, suna neman fansho da aikin yi da aka yi musu alkawari. A wata mararraba kusa da fadar wani Baturen ɗan sanda ya harbe uku daga cikinsu, wato Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Hakan ya zo daidai da ranar da aka kawo ƙarshen ƙaurace wa kantunan Turawa da jama'a suka yi wata guda suna yi saboda tsadar kaya. Fushin biyu ya haɗu, aka fasa kantuna aka ƙona wasu, rikici ya bazu zuwa wasu garuruwa, mutum 29 suka mutu. Shekara tara bayan haka Gana ta samu 'yancin kai. Mutanen zango suna da kaso a wannan tarihi, domin a wancan zamani Hausa ce yaren bariki a rundunonin Ingila na Afirka ta Yamma. Har yau ana tunawa da mutanen nan uku kowace shekara a Akra, kuma tun 2012 ƙasar na da hukuma ta musamman da doka ta kafa domin kula da tsofaffin sojoji.

Matar da aka bari

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan ne abin ya fi ciwo kuma a nan ne hannunmu zai iya kaiwa.

Ranar da labarin rasuwar soja ya iso, gida kan cika. Hafsoshi su zo ta'aziyya, a kawo buhun shinkafa da ɗan abin sadaka. Bayan addu'ar arba'in sai ƙafa ta ɗauke. Matar tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, ba ta da halin yawon ofisoshi, alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne ya kamata a buɗe fayil. Idan a gidan bariki suke zaune, ba da jimawa ba za a buƙaci ɗakin domin wani sojan. Albashi kan tsaya, fansho kuwa ba ya farawa sai takardu sun cika.

Takardun nan su ne ƙashin bayan maganar. Ana neman takardar shaidar rasuwa, da takardar aure, da takardar haihuwar kowane yaro, da takardar kotu da ke nuna su wane ne magada da wanda dangi suka wakilta ya karɓa. To jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya: aure nawa ne a garuruwanmu aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, aka watse, ba tare da kowa ya taka zuwa ofishin magajin gari an rubuta ba? A wurin Allah da wurin jama'a matarsa ce, amma a wurin mai riƙe da fayil ba ta da suna. Akwai hanyar gyara, domin kotu na iya ba da takardar da za ta maye gurbin wadda ba a yi a kan lokaci ba idan an kawo shaidu, sai dai abin na cin kuɗin mota da kwanaki, kuma macen da ba ta yi boko ba tana buƙatar wanda zai shige mata gaba.

Mu mazauna bakin iyaka muna da ƙarin matsala a kan wannan. Sojan Maraɗi ya auro 'yar Jibiya, na Ƙonni ya auro 'yar Illela, na Injamena ya auro 'yar Kusiri. Ɗa ɗaya an haife shi a wannan tsallake, ɗaya a wancan. Takarda ɗaya da Faransanci, ɗaya da Ingilishi, sunan uba an rubuta shi iri biyu ko uku, a nan Mahamadu, a can Muhammad, a wata takardar kuma Mamman. Wannan ɗan bambanci da mu ba ma ɗauka komai ba yana iya tsayar da fansho shekara guda. A ɓangaren Nijeriya kuma akwai matsalar magajin da soja ya rubuta ranar da aka ɗauke shi aiki yana saurayi. Yakan sa sunan mahaifinsa ko wansa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya bai koma ya canza ba, ranar da ta Allah ta kasance sai a kira wancan a miƙa masa.

Idan kuɗin ya fito kuma sai wata sabuwa ta taso. Dangin da ba a gani ba lokacin yawon takardu sai su bayyana. Rabon gado a Musulunci a fili yake: matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, idan su biyu ne ko uku su raba tumunin, uwa da uba kowa sudusi, saura na 'ya'ya. Kason marayu amana ce a hannun wanda ya riƙe, ba jari ba ne da baffa zai saya wa kansa mota da shi ya ce yana juya musu. Muna faɗin haka ne saboda sau da yawa wannan baffa ɗan kasuwa ne, ɗan'uwanmu, maƙwabcin rumfarmu, kuma mun gani mun yi shiru.

Ciwon da ba a gani

Wanda ya dawo da ƙafa ɗaya kowa ya ga abin da ya same shi. Akwai kuma wanda ya dawo da jikinsa lafiya lau amma ba ya barci, ƙarar fashewar taya ta sa ya kwanta ƙasa, ya riƙa faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ya shige ɗaki ya daina magana da kowa. Likitoci sun san wannan ciwo na firgicin bayan yaƙi, kuma yana da magani. A gida akan ce aljanu ne ko sammu. Ba mu hana kowa addu'a ba, amma a haɗa da asibiti, duk da cewa likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ƙalilan ne a ƙasashenmu kuma galibinsu a manyan birane suke. Abin da ya fi damunmu shi ne maganin da irin waɗannan bayin Allah ke nema wa kansu. Tiramol da ƙwayoyin sa barci ba daga sama suke faɗowa ba, ta kan iyakokin nan suke shigowa, a kan teburan kasuwanninmu ake sayar da su. Wanda ya miƙa wa mutumin da ya san yana cikin wannan hali ƙwaya don ribar dala ashirin, ya san abin da ya aikata.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci. Za su ce masu kakin nan ai su ne ke tsayar da mu a shingaye, a sauke kaya a ɗora, a karɓi na goro, yau kuma a ce mu tausaya musu? Wannan koke gaskiya ne, mun sha rubuta shi a wannan shafi kuma ba mu janye ba. Amma yaron da ya taka nakiya a hanyar Kidal ko ya kwana cikin ruwan tafkin Cadi ba shi ne ya karɓi kuɗinka ba, ballantana matarsa da marayunsa. Sannan duk wanda ya ga yadda kasuwancin kifi da tattasai na Diffa ya durƙushe a shekarun da Boko Haram ta addabi yankin ya san cewa hanya ba ta buɗuwa da kanta.

Abu na farko da ke wuyanmu shi ne mu daina cutar su. Soja ya dawo da 'yan miliyoyinsa, bai taɓa sayar da ko allura ba, sai wani ya same shi da daɗin baki, kawo mu juya maka, duk wata kana da kaza. Babu takarda, babu shaida. Daga nan sai a ce kwastan sun kama kaya, ko an rufe iyaka, ko naira ta faɗi. Wani lokaci gaskiya ne, domin mun ga rufewar iyakar Nijeriya daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma ga ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma manyan 'yan kasuwa ma sun karye. Amma gogaggen ɗan kasuwa ya san kasada, ya san ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, shi kuwa wannan bawan Allah kuɗin jininsa ne gaba ɗaya ya miƙa. Idan har za a karɓi kuɗin tsohon soja ko na matar mamaci, a rubuta, a sa shaidu, a kai gaban sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiya, a faɗa masa ƙarara cewa ana riba ana faɗuwa. Wanda ya ba shi shawara ya fara mallakar fili ko ya rufa wa iyalinsa ɗaki kafin ya shiga fatauci ya fi ƙaunarsa.

Na biyu, aikin yi. An saba ganin tsohon soja ba shi da wata makoma sai gadi, a ba shi kujera da tocila a ƙofar sito. Alhali a cikinsu akwai direbobin manyan motoci, da makanikai, da masu aikin jinya, da masu gyaran na'urorin sadarwa, da waɗanda suka riƙe lissafin sito na bataliya guda. Mai motocin haya da ke kukan rashin amintaccen direba, da mai sito da ke kukan yaransa na yi masa ɓera, su duba nan. Wanda ya rasa ƙafa bai rasa kai ba, zai iya zama a shago. Matar mamaci kuma, maimakon a riƙa ba ta sadakar ranar Juma'a, a ba ta kaya bashi a kan farashin sari, a sa ta cikin adashi, a ɗauki babban ɗanta yaron shago a koya masa ciniki kamar yadda aka koya mana.

Na uku shi ne murya, kuma ita ce ta fi tsada. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da bakin da gwamna ke saurare, domin ranar da aka ƙara kuɗin fito ko aka rufe hanya mun san yadda muke ɗunguma mu je. A Nijeriya tsofaffin sojoji da kansu sun sha zuwa su tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja, kamar yadda suka yi a 2024 da 2025, dattawa da tabarmi suna kwana a titi don neman abin da yake nasu. Bai kamata a bar mutum sai ya kai ga haka ba. Abin da za mu nema ba ya ƙarya dokar kowa: kowace gwamnati ta bayyana nawa take ba sojan da ta tura aikin waje daga cikin abin da take karɓa, ta sa wa'adin da fayil ɗin mamaci ba zai wuce ba, ta buɗe ofishin karɓar takardu a manyan garuruwan jihohi domin kada mace ta sayar da akuyarta ta yi kuɗin motar zuwa babban birni a ce mata ta dawo wata mai zuwa. A watan Mayun 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Kyaftin Abdelrazakh Hamit Bahar na Cadi, wanda aka kashe a Agelhok a 2021 yana kare sansaninsu, lambar jarumta mafi girma da take bai wa masu kiyaye zaman lafiya. Ya cancanta. Muna so ne kawai a riƙa bin lambar da tambayar ko 'ya'yan irinsu suna makaranta.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da kowace kasuwa za ta iya yi a wannan makon. Shugabannin kasuwa da limamai da masu unguwa sun san gidajen da aka yi rashin soja da gidajen da ke jinyar wanda ya dawo. A rubuta su. A nemi mutum ɗaya mai ilimin boko da ya san hanyar kotu da ta ofishin magajin gari, a ɗauki nauyin kuɗin motarsa daga asusun ƙungiya, ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ya duba wace takarda ce babu. Masu fitar da zakka su tuna da su idan shekara ta zagayo. Wanda kuma yake da ɗa ko ƙane ko suruki a cikin kaki yanzu haka, ya kira shi ya tambaye shi ko an rubuta aurensa a hukuma, ko 'ya'yansa duka suna da takardar haihuwa da suna iri ɗaya, da kuma sunan wa ya bari a fayil ɗinsa na bariki.